Amsar da Ban Rubuta wa Dogo Ba

Kun sha tambayata, musamman ke Asma'u da ba ki iya barin magana ta kwana, me ya sa Mama Saratu ta daina zuwa gidan nan. Matar da ta yi shekara da shekaru tana aiko mana shinkafa da kaza ranar Kirsimeti, uwarku kuma ta aika mata tuwo da miyar taushe ranar Sallah, sai ga shi ko a gidan biki aka haɗu gaisuwarta ba ta wuce "ina wuni". Kullum na ce muku tsufa ne da ciwon gwiwa. To, ba gwiwa ba ce. Na gaji da riƙe wannan ƙarya, kuma ba na so bayan raina ku ji labarin a bakin wanda bai san kansa ba balle gindinsa. Ku karanta a hankali, don ba na jin zan iya sake faɗa.

Mijinta Yohanna abokina ne tun muna makarantar kwana a Malumfashi. Dogo muke ce masa, saboda duk ajinmu babu wanda ya kai shi gajarta. Shi kuma Ɗan Kunu yake ce mini, tun ranar da na kifar da bokitin kunun ɗakinmu gaba ɗaya a kan takalman shugaban ɗalibai. Har muka yi furfura bai taɓa kirana Sada ba sai in a gaban manya. Tare muka zama malaman gona, tare muka ci ƙurar hanyar Bakori da Maska da Mahuta a kan babur, shi yana tsayawa ya jira ni in yi azahar a gindin bishiya, ni ina ɗaukar masa aikin Lahadi in ya taso. Da muka yi ritaya sai wani zazzaɓi mai zafi ya kama shi, ya tashi amma kunne ya tafi. Ɗansa Bitrus ya kwashe su shi da Saratu ya mayar Zariya wurinsa. Waya ta zama ba ta da amfani a tsakaninmu, in na kira sai dai ya riƙa cewa "Iye? Iye?" har ransa ya ɓaci ya kashe. Sai Bitrus ya saya masa kwamfuta ya koya masa imel, kuma daga ranar Dogo ya samu bakinsa da ya ɓata. Wallahi mutumin nan ya iya rubutu. Sau biyu, sau uku a mako, shafi guda cur: yadda tantabarunsa suka yi ƙwai, yadda ruwan Zariya ba ya ƙamshi irin namu, wani rubutu da ya tsinto a kan tsutsar masara wanda dole in karanta in ba shi ra'ayina.

Ni kuma a lokacin 'yan ƙungiyar manoman masara na yankinmu sun ɗora mini sakatare, wai tunda na yi aikin gwamnati na san takarda. Na ɗauka aikin rubuta abin da aka tattauna a taro ne. Ashe akwatin imel ne aikin. Kamfanonin iri, masu maganin feshi, ofisoshi masu neman jerin sunayen manoma, gayyatar bita a Kaduna, gayyatar bita a Katsina, hasashen ruwan sama, mujallun da ban taɓa neman a aiko mini ba. In na share ashirin kafin in yi alwala, in dawo in tarar da wasu sun zauna a wurinsu. Akwai wata 'yar lamba ja a kan waya mai nuna saƙon da ba a buɗe ba, ita ce abin da nake fara gani da safe, kuma kullum ta fi ta jiya. Idona ya fara ruwa, wuyana ya ƙage. Sau biyu saƙon ofis mai muhimmanci ya nutse a cikin tarkacen talla, ban gan shi ba sai da ranar ta wuce, aka yi ta mini surutu a taro kamar ni na aiko wa kaina tarkacen. Uwarku ta ajiye mini abinci ya huce ta ɗumama ya sake hucewa.

"Malam, wai kai da wayar nan wa ya auri wani?" in ji ta.

Na ce mata ta bari kawai, aikin jama'a ne.

"Jama'ar ba su da gidajensu? Ka yi ritaya ka fi mai aiki aiki."

Ana haka aka kira mu bita ta yini biyu a Funtua, wata malama ta zo daga Kaduna ta koya wa sakatarorin ƙungiyoyi yadda ake riƙe akwatin saƙo. Ba zan ɓoye ba, matar ta san aikinta, kuma abin da ta koyar gaskiya ne. Ta nuna mana yadda za ka cire sunanka daga jerin masu aiko talla. Ta ce kada ka riƙa leƙa akwati duk minti, ka ware lokaci biyu a yini, kuma duk saƙon da ka buɗe ka yanke masa hukunci nan take: ko ka amsa, ko ka share, ko ka ajiye inda za ka same shi. Sannan ta nuna mana abin da ya fi burge ni, yadda za ka ba na'ura umarni ta riƙa rarraba saƙo da kanta, na wane ya shiga nan, na wane ya shiga can, tun kafin idonka ya gan shi. Ni dai rariya na sa wa abin suna, wuraren ajiyar kuma na kira su rumbuna. Na dawo gida na yi rumbun ofis, rumbun kamfanoni, rumbun bita. Na sa wa kaina doka, da hantsi sau ɗaya, bayan la'asar sau ɗaya. Cikin mako biyu lambar nan ja ta ɓace. Na ci tuwo da zafinsa. Na yi ta yi wa sauran sakatarori burga, har wasu suna zuwa gida in saita musu nasu.

Sai ya rage saƙon mutane, irin su Dogo da tsofaffin abokan aiki da dattawan ƙungiya masu dogon bayani, waɗanda gaisuwa kaɗai takan ci rabin shafi. Su ma na yi musu rumbu, na sa masa suna Zumunci, na ce duk Asabar da safe zan zauna in karanta su a natse da shayina. Amma raina bai kwanta ba, don mutum ya aiko maka saƙo ya yi kwana biyar bai ji komai ba, ai wulaƙanci ne. Malamar ta koya mana maganin wannan ma: amsa wadda na'ura za ta aika da kanta da zarar saƙo ya shigo. Ta ma rubuta mana samfuri a allo, cewa wannan amsa ce ta na'ura, ba a karanta saƙonka ba tukuna, in abin gaggawa ne ka kira waya. Na dubi rubutun nan na ce a raina, a'uzubillahi. Ni Sada in ce wa dattijo mai jikoki na'ura ce ke amsa masa? In ce masa ban karanta ba? Ai gara in zage shi. Sai na zauna na tsara tawa irin ta mutanen da suka samu tarbiyya:

"Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya da iyali. Na ga saƙonka, na kuma ji abin da ka ce. Ka kwantar da hankalinka, in sha Allahu zan ji da shi. Naka, Sada."

Na karanta wa uwarku ina jin daɗin kaina. Tana tsince wake a faifai, ba ta ko ɗago ba.

"Malam, wannan ai alkawari ne."

"Wane irin alkawari? Ladabi ne, Hajiya. Ko wurin mai unguwa ka kai kuka, abin da zai ce maka ke nan."

"Mai unguwa yana kallon fuskar wanda ya faɗa wa. Kai ka ce ka ji, alhali ba ka ji ba."

Na ce mata ai Asabar ba nisa, duk abin da ya shigo zan gani. Ta ce to, Allah ya sa. Kun san "to" ɗin uwarku. Na ji haushi na tashi na bar mata wurin, na danna abin ya fara aiki.

Asabar ta farko na buɗe rumbun, ta biyu ma na buɗe. Babu saƙon Dogo a ciki, na ce ko tantabaru sun ɗauke masa hankali, ban san yana kwance a asibiti ba. Asabar ta uku aka yi taron gaggawa a kan iri. Ta huɗu ruwan farko ya sauka, kowa ya nufi gona har da ni. Daga nan rabon taki ya taso, kuma duk wanda ya taɓa tsayawa a tsakanin manomi da buhun taki ya san ba ya sanin Asabar daga Talata. Ga abin da ya cuce ni: da can lambar nan ja tana damuna, amma tana tuna mini akwai mai jira. Yanzu akwatina fes, kullum in leƙa in ga babu komai, in ji kamar na sallami kowa. Rumbun Zumunci yana can gefe a rufe, ba ya kira, ba ya ƙorafi. Wani lokaci Dogo yakan faɗo mini a rai a kan babur, in ce wannan Asabar lallai zan zauna masa. Haka wata uku ya wuce.

Wata Talata da hantsi ina bakin gona, masara ta kai kafaɗa, sai ga kiran Bitrus.

"Baba Sada, sai haƙuri. Baba ya rasu shekaranjiya."

Na zauna a kan kunyar gona. Ban san abin da na ce ba, ina jin dai na yi ta maimaita Allah ya ba ku haƙuri. Sai ya ci gaba.

"Jibi Alhamis za mu taho da shi garinmu Unguwar Gamji. Ya ce kun gama magana da su Baba Ilu, wurin yana nan a shirye. Mun gode, Baba. Ya rasu hankalinsa a kwance saboda kai."

A nan ne ya kamata in ce, Bitrus, wace magana? Kalma biyu kacal. Amma kunya ta riƙe mini harshe, na ji bakina yana cewa, "To, to, Allah ya kawo ku lafiya." Wannan shi ne laifina na biyu, kuma babu na'urar da zan ɗora wa shi.

Nan take na buɗe rumbun Zumunci. Saƙon Dogo huɗu ne a jere. Na buɗe na farko, wanda ya aiko tun kafin ruwa ya sauka. Ya ce likita ya faɗa masa gaskiya, shi ma ya ji a jikinsa. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, a binne shi kusa da mahaifiyarsa, a gindin ɗorawar da ke gefen gonar gidansu a Unguwar Gamji. Gonar tana hannun ɗan baffansa Alhaji Ilu, wanda ɓangarensu Musulmi ne, kuma tun rabon gado akwai 'yar tsama a tsakaninsu. Ya ce shi ba ya ji balle ya yi magana a waya, Bitrus kuma yaro ne a idonsu, amma ni Ilu yana jin nauyina tun ina malamin gonarsu. In je tun kafin shuka, in zauna da shi da sauran 'yan uwa da mai gari, a bar masa taku biyar. A ƙarƙashin saƙon ga amsata, a minti ɗaya da shigowarsa: na ji abin da ka ce, ka kwantar da hankalinka, zan ji da shi. Naka, Sada. Ban iya buɗe sauran ukun ba.

Washegari da sassafe na hau babur zuwa Unguwar Gamji. Alhaji Ilu ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka shimfiɗa tabarma a zaure, aka kawo fura. Ya riga ya ji rasuwar, idonsa ma ya yi ja. Na faɗi abin da ya kawo ni.

"Malam Sada, yaushe Yohanna ya ba ka saƙon nan?"

Na ce da ɗan daɗewa.

"Kafin shuka?"

Na sunkuyar da kai.

"Haba Malam. Da ka zo a lokacin, wallahi da na bar wurin ban sa iri ba. Ɗan uwana ne, nonon kaka ɗaya iyayenmu suka sha. Amma gonar nan ba tawa ce ni kaɗai ba, mu bakwai ne, biyu suna Ikko, ɗaya tana aure a Gusau. Kuma tun shekarun baya gari ya yi matsaya an daina binne kowa a gona, namu da nasu, sai in dattawa sun zauna sun yarda. Magana ce ta wata guda, ana bi gida gida ana lallashi. Ka kawo mini ita ana gobe? In na ce to ni kaɗai, gobe a ce Ilu ya sayar da gari."

Na roƙe shi har na cire hula. Muka je wurin mai gari tare, shi ma abin da ya faɗa ke nan, cikin taushin murya. Ba mugunta suka yi ba, ina so ku riƙe wannan, kada wani cikinku ya ƙullaci mutanen Unguwar Gamji. Na dawo gida da la'asar na faɗa wa uwarku komai, ta dube ni ta ce in kira Bitrus yanzu yanzu in faɗa masa, su shirya wani wuri. Na ce bari dai, in suka ga gawa a ƙofar gida zuciyarsu za ta karye. Ta ce, "Malam, ka sake?" Ban kira ba.

Ranar Alhamis motoci uku suka shigo garin, ta gaba ɗauke da akwatin, ta baya cike da matan coci da ɗankwali iri ɗaya suna waƙa a hankali. Mutanen gari suka fito suka tsaya, maza suka cire takalmi suka yi gaisuwa, Ilu yana kuka kamar mace. Amma babu kabari. Daga inda motar ta tsaya ana hango kan ɗorawar, masara ta kewaye ta kore shar. Aka yi ta magana ƙasa ƙasa kusan awa biyu a rana, fasto ya je ya dawo, Bitrus ya je ya dawo. Daga ƙarshe direba ya juya mota. Kafin su tashi Mama Saratu ta sauko, ta tako har inda nake. Ta buɗe Littafi Mai Tsarki na mijinta, ta zaro takarda a ninke ta miƙo mini. Amsata ce, ya sa an buga masa ita a takarda.

"Malam Sada, wannan ba rubutunka ba ne?"

Na ce nawa ne.

"Kullum sai ya buɗe ya duba. Ya ce mini, Saratu, in Ɗan Kunu ya ce zai yi, an gama."

Ta karɓi takardarta ta mayar ta koma mota. A maƙabartar coci ta Malumfashi aka binne shi da yamma, cikin baƙi, nisan tafiyar awa guda daga mahaifiyarsa. Na tsaya a baya can, ban iya matsawa kusa ba.

Sai bayan kwana bakwai na samu ƙarfin buɗe sauran saƙon. Na biyu godiya ce, shafi guda, har da tsokana, wai ashe kifar da kunu bai hana ni zama mutum ba. Na uku tambaya ce, ko na samu ganin Ilu, me ya ce, ya ji an fara ruwa. Kowanne ga amsata a ƙarƙashinsa, kalma a kan kalma, ba ta canza ko ɗigo ba. Na huɗu, wanda ya aiko mako biyu kafin rasuwarsa, gajere ne, bai kai layi biyar ba, kuma daga yadda haruffan suka tarwatse na san hannun ya gaji. Na haddace shi ba don ina so ba:

"Sada, amsarka sau uku iri ɗaya. Kai ne kuwa, ko inji ne? Ban faɗa wa Saratu ba, na riga na ce mata ka ɗauki nauyi, ba na so ta gan ka da ƙanƙanta. In kai ne, kada ka wahalar da kanka da dogon rubutu. Ka rubuto mini sunan da nake kiranka kawai, ya ishe ni."

A minti ɗaya na'ura ta amsa masa. Gaisuwa mai yawa, na ji abin da ka ce, ka kwantar da hankalinka.

Kun ga ke nan ya sani. Ya yi mako biyu yana sane, yana kwance, ya rufa mini asiri har a wurin matarsa, yana jiran ko Asabar ɗin tawa za ta zo. Shi ya sa ban taɓa zuwa na ce wa Mama Saratu na'ura ce ba. Ita a wurinta na karanta na yi alkawari na yi sakaci. In na faɗa mata gaskiya, zan ƙwace mata abu ɗaya da ya rage, cewa mijinta ya tafi hankalinsa a kwance. Na gwammace ta riƙe ni a maci amana, don ba ta yi nisa da gaskiya ba. Ku ma kada ku kai mata wannan takarda. In kun gan ta ku durƙusa ku gaishe ta da kyau, in ta amsa a taƙaice ku haƙura, da dalilinta.

Sakatare na ajiye a ƙarshen damanar. Rariyar tana nan har yau, tana tace kamfanoni da masu talla, ban ga laifinta a wannan ba. Amma na rushe rumbun Zumunci, na kashe amsar, duk saƙon da ɗan Adam ya zauna ya rubuta da hannunsa yana faɗowa gabana kai tsaye, lambar ja ta dawo, na bar ta ta dame ni. In ban karanta ba, mai saƙo ya ji shiru, ya san ban karanta ba. Uwarku ba ta taɓa ce mini "ai na faɗa maka" ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini ciwo a kan ta faɗa.

Ranar da na karanta saƙo na huɗun, da hantsi ne, ina zaune a zaure. Na danna wurin amsa na rubuta, "Ɗan Kunu ne, Dogo." Na aika. Na riƙe wayar a hannu har aka kira azahar. Shi bai taɓa sa wa akwatinsa na'ura ba, don haka babu abin da ya dawo.